Ranar da Malam Barau ya kai albasa babbar gasa

Wata rana, a wata kwalejin ilimi da ba zan faɗi sunanta ba don ina da surukai a garin, shugaban makaranta ya aika a kira malamin wasanni.

Malam Barau ke nan. Mutum ne da ko layin mai ya shiga sai ya sauya layi, wai na gefe ya fi sauri.

Shugaba bai ko ba shi kujera ba. Ya ce, "Barau, ƙungiyar ƙwallon nan taku ciyar da ita muke kamar dokin sarauta, ba ta noma, ba ta dako. Ko ta fara kawo kuɗi, ko in rufe ta."

Barau ya fito yana zufa, ga shi ko rana ba ta yi ba.

To, a lokacin ƙungiyar tana buga gasa ne da makarantun maƙwabta. Kuma suna da wata al'ada tun zamanin tsofaffin malamai. Baƙi su zo da tsaraba, masu gida su share musu ɗakin kwanan ɗalibai, a tuƙa tuwo. A fili a yi ta sharɓar ƙafar juna kamar ba a san Allah ba, da an tashi a sa hannu a kwano ɗaya.

Ba kuɗi a ciki. Amma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa.

Sai Barau ya ji labarin wata babbar gasa ta manyan makarantu can kudu. Ana nuna ta a talabijin, wani kamfanin lemo ke zuba kuɗi.

Daga ranar ya daina zama. Abinci ma a tsaye. Ya buga waya, ya roƙa, ya rantse, har aka karɓe su.

Abokin hamayyarsa na shekaru, Malam Ɗantani na kwalejin da ke ƙetaren gada, ya tare shi a wajen mai shayi. "Barau, ina za ka kai 'ya'yan mutane?"

"Inda duniya za ta gan mu. Kai ka zauna awaki su yi ta yi maka kallo."

Ranar tafiyar farko ta zo. Barau ɗan mutunci ne, ba ya zuwa gidan mutane hannu rabbana. Ya sa aka ɗora buhun albasa a saman bas, irin wadda in aka yanka ta unguwa guda ke hawaye.

Suka yi ta tafiya har ƙasa ta sauya launi, direba ya fara gaida garuruwan da bai san sunansu ba.

A ƙofar filin wasa suka tarar da wani jami'i, kati a rataye a wuya. Barau ya gyara hula, ya sa aka sauke buhu a gabansa.

"Ga 'yar tsarabarmu. Ina masaukin baƙi?"

"Waɗanne baƙi?"

"Mu mana."

"Malam, a gasar nan ba mu da baƙi, abokan hamayya gare mu. Otal yana bayan gidan mai."

Ya kuma karɓe albasar.

Yara suka kwana a bas, suka karya da burodi da ruwan leda. Da aka shiga fili aka yi ta zura musu ƙwallo har mai sauya lambar allo ya nemi a kama masa.

Amma fa an gan su a talabijin! Barau ya kira duk wanda ya taɓa ba shi lamba.

Kuɗin kamfani ma ya iso, ba ƙarya. Sai dai bai zauna ya sha ruwa ba. Ya gaida gidan mai, ya leƙa otal, ya kwana wajen bakanike.

Shugaba ya duba ya ce to, tunda ba aljihunsa ake taɓawa ba, a ci gaba.

Aka ci gaba. Wannan mako gabas, wancan yamma. Yara suka san kowane rami a hanya da sunansa, suka manta hanyar aji. Mai tsaron gida, Sallau, ya taɓa shiga lacca, malamar ta tambaye shi wa yake nema.

Sai jarrabawa ta zo. Ta same su a bayan wata tirela da ta kife ta tare hanya, Barau yana zagaye bas yana duba agogo kamar agogon ne zai ɗaga tirelar.

Sakamako ya fito. Makaranta ta sallame su, ba wanda ya tsira, har da masu zaman benci.

Dokar babbar gasa kuwa a fili take: wanda ba ɗalibi ba ne ba ya taka leda. Sababbin ɗalibai da suka ga abin da ya faru, ko sunan ƙwallo aka ambata sai su ce ƙafa ke ciwo.

Barau ya haɗiye girman kai ya kira Ɗantani, ko za a bar su su dawo gida su fara daga tushe.

"Ayya, Barau. Gurbinku mun ba makarantar koyon jinya. Ba su iya ƙwallo ba, amma suna zuwa."

Yanzu haka Barau yana da bas, yana da sababbin riguna masu sunan kamfani a ƙirji, ba shi da ko mutum ɗaya da zai saka su.

Wani ya ce ya gan shi a tasha makon jiya, yana tambayar kuɗin mota zuwa Ghana. Wai ya ji can ma akwai wata gasa.

Darasi: Kafin ka bar inda ake ciyar da kai don inda za a biya ka, tambayi abin da za a daina yi maka kyauta. Kuma in ka tashi ceton abu, waiwaya ka ga ko waɗanda kake yi dominsu suna nan a bayanka.

Tura wa abokin nan naka da ya sauya wurin aiki bana, yana kuma leƙen wani. Kada ka ce daga ina ka samo.