Likitan da Ya Ce Mini Mumtaz

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Jidda, na yi aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori a Aziziyya. Aikina shi ne in wanke kayan aiki, in dafa su a injin tururi, in jera su a faranti kafin likita ya shigo. A iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, lebura aka rubuta. Kafin nan shekara tara na yi a soja a gida Najeriya, a ɓangaren kula da lafiya, har na kai kofur. Gwiwata ce ta samu matsala aka sallame ni, wani kawuna ya yi mini hanyar Saudiyya.

Tun ina soja nake son zama likitan haƙori. An taɓa kawo mini wani abokin aiki muƙamuƙinsa ya karye gida uku, na tallafe masa shi da hannuna biyu a bayan mota har muka kai asibiti. A gabana wata likitar haƙori ta ɗaure masa shi da waya, bayan 'yan watanni na zauna ina kallonsa yana cin tuwo. Tun ranar abin ya shiga raina bai fita ba.

A Jidda na haɗu da abokina, Bahaushen Sudan, shi ma tsohon soja, yana aikin sito a tashar jiragen ruwa. Kowace Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa a wurin wani mai shayi a Ammariyya. Shi yana ce mini Kofur, ni ina ce masa Saje, ko da yake har ya bar soja igiya ɗaya bai samu ba. Ranar da na gaya masa burina bai yi dariya ba. Cewa ya yi shi ma ya taɓa cire wa mutum haƙori da filaya a daji, kuma mutumin yana raye, don haka tare za mu yi karatun.

Muka bincika muka gano cewa a shekarunmu hanyar da ta fi mana ita ce mu fara yin digiri a fannin kimiyya, sannan mu nemi shiga karatun haƙori da shi. Na samo wata jami'a da ake karatu daga nesa ta intanet, ka ga mutum yana aikinsa yana karatunsa. Wata biyu muka yi muna tsara kwasa-kwasan da za mu ɗauka, bayoloji, kemistiri, fiziks, ilimin sassan jiki da sauransu, zango bayan zango. Ni na rubuta, shafi huɗu, na ja layi da rula kamar jadawalin fareti. Yanzu idan na tuna irin yadda nake lallaɓa takardar nan a cikin leda, dariya take ba ni.

Abokina ya ce, "Kofur, mu biyu makafi ne a harkar nan. Kana aiki da likita, ka kai masa ya duba mana."

Likitan da nake wa aiki matashi ne, haihuwar Jidda, kakanninsa daga Kano suka zo aikin hajji suka zauna. Hausarsa rabi da rabi ce, yana farawa da ita ya ƙarasa da Larabci. Mahaifinsa ne mai asibitin, kuma shi ne kafilina, wato wanda izinin zamana da aikina suke ƙarƙashinsa. Ina ganin girman yaron nan ƙwarai duk da na girme shi, don hannunsa yana da kyau a aiki. Bai taɓa kiran sunana ba, kullum "ya askari", wato soja, ni kuma ban taɓa ɗaukar hakan da zafi ba.

Na same shi a ofis na ce, "Duktur, don Allah alfarma nake nema. Ga abin da muka tsara ni da abokina. Ka duba mana, duk inda muka yi kuskure ka ja mana jan biro, kada ka ji nauyi."

Ya karɓa, ya ce in ba shi lokaci. Kwana tara takardar tana wurinsa. Ranar da ya mayar mini yana murmushi ya ce, "Mumtaz, ya yi kyau ƙwarai, ya askari. Yalla, ka je ka yi rajista."

Na ce, "Babu gyara ko ɗaya?"

Ya ce, "Babu. Kullu tamam."

Ranar ƙafata ba ta taka ƙasa ba. Na kira mahaifiyata na ce mata likita da kansa ya duba ya ce ya yi. Na kira abokina yana tsakiyar aiki, ina jin ƙarar motocin ɗaukar kaya a bayansa yana ta kabbara. Na sayi littattafan rubutu goma sha biyu, na rubuta sunan kowane kwas a bangonsa tun ba a fara ba.

Saura kwana biyu a rufe rajista, da rana lokacin hutu, ina zaune a ɗakin dafa kayan aiki ina sake kallon takardata, sai wata likita ta leƙo neman faranti. Dattijuwa ce, Bahaushiyar Sudan, tana zuwa sau biyu a mako duba haƙoran yara. Duktura muke ce mata. Ta ce, "Ɗana, me kake karantawa haka kamar wasiƙar amarya?" Na miƙa mata cike da alfahari.

Ta sa gilashinta. Shafi na farko ba ta ƙarasa ba ta ɗago.

"Ina firatikal ɗin?"

Na ce wane firatikal?

Ta ce, "Kemistiri da bayoloji ba a yin su a waya kawai. Sai ka shiga ɗakin gwaji, ka haɗa da hannunka, ka yanka, ka duba a madubin likita, malami ya sa maka hannu. Makarantar haƙori ba za ta karɓi digirin da babu wannan a cikinsa ba. Shekara huɗu za ka yi, ka kai musu takarda su mayar maka." Ta juya shafi ta nuna mini wani wuri. "Nan kuma ka sa na gaba kafin na baya. Wannan kwas ɗin ba ya fahimtuwa sai an yi wancan. Wa ya duba maka?"

Na gaya mata. Ta cire gilashin, sannan ta fita da takardar a hannunta ta nufi ofishinsa. Ba ta rufe ƙofar da kyau ba, ɗakina kuma bango ɗaya ne tsakani.

Na ji ta tambaye shi ko bai karanta ba ne. Da a ce bai karanta ba, wallahi da abin ya zo mini da sauƙi, in ce aiki ne ya yi masa yawa. Amma dariya ya yi.

"Na karanta mana, ya duktura. Na ga babu firatikal. To me zan ce masa? Askari ne, shekararsa talatin da ɗaya, zango ɗaya zai yi ya gaji ya bari. Miskin, a bar shi ya ji daɗinsa."

Na sha zagi a bariki, an sa ni tsallen kwaɗo a rana, hafsoshin da ba su kai ƙanena ba sun yi mini tsawa na ce "yes sa". Ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina ranar ba. Mutumin nan ya ga inda zan faɗa, ya gane, ya auna ni ya ga ban kai ya buɗe baki ya gaya mini ba. Minti biyu ne kawai zai ɗauke shi. Kuma ba ni kaɗai ba, har da abokina mai 'ya'ya huɗu.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a ofishin ba, safar roba tana hannuna, ruwa yana ɗiga daga jikinta. Abin kunyar shi ne ƙamewa na yi kamar ina gaban kwamanda, jiki ya riga ya saba.

Na ce, "Duktur, na ce ka yabe ni?"

Ya miƙe. "Wa ya ba ka izinin shigowa?"

"Na ce ka yabe ni ne? Jan biro na roƙe ka. Da ka ce mini ba zan iya ba, da na ji haushi kwana biyu na wuce. Amma ka dube ni ka ce mumtaz? Shekara huɗu na rayuwata ce fa a takardar nan! Kullum ni nake miƙa maka kayan da kake sa wa a bakin mutane, ka taɓa samun datti a jikin ɗaya? Wannan ka yarda da ni, amma a gaya mini gaskiya ban isa ba?"

Na faɗi wasu maganganun da yaren bariki waɗanda ba zan rubuta a nan ba, Allah ya taimake ni bai gane su ba. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Halas, ya isa. Ka tuna iƙamarka a hannun wa take."

Na ɗaga ƙafa zan matsa kusa da teburin. Duktura ta shiga tsakaninmu, ko kafaɗata ba ta kai ba, ta ce, "Ɗana, fita." Na tsaya. Ta sake cewa, "Na ce ka fita, ka je ka cire safar nan ka yi alwala." Na fita. Da ba ta wurin, ban san inda labarin nan zai ƙare ba, amma na tabbata ba a makaranta ba.

Washegari na je na tari abokina a ƙofar tasha lokacin tashinsu. Na gaya masa komai muna tsaye a rana. Na ce ni fa sai na yi rajistar nan gobe, in gama digirin, in kawo masa takardar in ajiye a teburinsa ya gani ko soja yana gajiya.

Ya dube ni ya ce, da irin kiran da 'yan Sudan ke wa juna, "Ya zol, kai ma ka ji abin da kake faɗa? Digirin da aka ce maka ba ya aiki shi za ka yi shekara huɗu a kai don ka ba wani haushi? Shi zai manta da kai kafin azumi." Ya yi tsaki. "Ni ma raina ya ɓaci, wallahi da zan gan shi yanzu ban san me zan yi ba. Amma mu koma wurin matar nan."

Muka koma. Sau uku ta zauna da mu bayan ta sallami yaran da take dubawa, ta kama takardar nan ta yi mata kaca-kaca. Ta sa na rubuta wa makarantun haƙori biyu a gida na tambaye su abin da suke karɓa da bakinsu, ta ce kada in sake dogara da maganar kowa, har da tata. Da amsa ta zo, babu daɗi. Suka ce dole sai na bar aiki, na koma gida, na sake rubuta jarrabawar kemistiri da fiziks ta sakandare, na zauna a aji da 'yan shekara sha takwas na yi digirin da ke da ɗakin gwaji, sannan in nemi shiga haƙori, kuma babu tabbacin za a ɗauke ni. Sai da na yi mako guda ina jin haushinta ita ma, kamar ita ta kafa dokar.

Abokina ya yi nasa nazarin ya ce ba zai iya barin yara tsawon wannan lokaci ba. Ya shiga koyon haɗa haƙoran roba a can Jidda, yanzu da shi yake ci da iyalinsa. Ni kuma na ƙara wata takwas a asibitin ina shiri. Duktura ce ta yi magana da mahaifin likitan, shi ya sa ba a kore ni ba. Tsawon watannin nan, tsakanina da likitan sallama ce da miƙa faranti. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Karatun ya ci shekara goma. A aji yara suna ce mini Baba Soja, na faɗi kemistiri sau ɗaya na maimaita, na yi aure ina aji uku, gemuna ya fara fari kafin in taɓa haƙorin mutum na farko da izini. Bara aka rantsar da mu.

Mutane suna ce mini ai wulaƙancin da likitan nan ya yi mini ne ya zaburar da ni, in gode masa. Ba na son wannan maganar ko kaɗan. Wadda ta zauna ta karanta ta ce mini "wannan ba zai yi ba" ita ce ta taimake ni, shi kuwa saura kwana biyu ya jefa mu biyu a asara yana murmushi. Yanzu tsofaffin sojoji suna turo mini nasu tsarin karatun, ina bin sa layi-layi, kuma da yawa suna jin haushina kafin su gode. Na fi son hakan.

Na ɗauka na huce. Amma da na saka hoton rantsuwarmu, cikin masu taya murna sai ga saƙo daga lambar Saudiyya. Shi ne. Ya rubuta, "Mabruk ya duktur, wallahi tun farko na san za ka iya."

Matata ta ce in amsa masa ko da na gode ne, ai an daɗe. Na rubuta amsa ta kai sau biyar ina gogewa, don duk wadda na rubuta ba ta na gode ba ce. Saƙon yana nan a wayata har yau, ban amsa ba.