Tsibin Duwatsun da Na Kwashe

Shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar Malam Bitrus, malamin tarihi, mutumin kudancin Zariya, wanda ya yi haya a gidan baffana a Ƙofar Rini har muka zama aminai. Ni direban tifa ne, karatuna bai wuce na allo ba. Ya kan ce kaina ya fi dutsen da nake ɗauka tauri, ni kuma in ce alli ya cinye masa ƙwaƙwalwa.

A zamanin da kuɗin mai ya shigo, soja na mulki, ko'ina gini ake yi ba ji ba gani. Ɗan kwangilar da nake wa aiki ya sami ginin gidajen ma'aikata can wajen Kalambaina, da sharaɗin a gama kafin ranar da gwamna zai buɗe. A tsakiyar filin akwai wani tsibin duwatsu da ya kai ƙirjin mutum. Na gan shi na yi murna, ga dutsen harsashi a ɓagas. Na kwashe lodi biyu kafin wani tsohon manomi, Baba Ɗanjuma, ya sha gaban motata.

"Ɗana, wanga tsibi ba a ɗauka mai, ƙara mai aka yi," in ji shi. "Haka mun ka iske iyayenmu, kowa ya biyo shi aza dutci guda. Ko mu ba mu san wa ak kwance ciki ba."

Dariya na yi masa, kuma har yau ina jin kunyar dariyar nan. Da na juye lodi na biyu sai ga fasasshen kasko da ƙashin hannun mutum. Na naɗe su a tsumma na kai wa Malam Bitrus.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya je ya durƙusa wa ɗan kwangila, da ƙyar aka ba shi daga Juma'a zuwa Lahadi kafin katafila ta share wurin. Ya aika wa masu kula da kayan tarihi wasiƙa, ya kuma san ba za ta isa kan lokaci ba. Sai ya hau aikin da cokalin magina da tsintsiya. Kowane dutse sai ya zana shi a littafin rubutu kafin ya yarda in ɗaga. Na ƙosa, na ce a kawo diga a huta, ya harare ni. Ranar Lahadi ko coci bai je ba, abin da ban taɓa gani ba.

Da la'asar muka kai ga mai wurin. Yana kwance a gefe guda, gwiwoyi a ƙirji kamar mai jin sanyi, tukunya a wajen kansa, 'yan duwatsun ado a wuya. Malam Bitrus ya ce mutumin ya riga Shehu, ya riga garin kansa, da nisan da ba mai iya ƙirgawa. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ce mini, "Umaru, mutane sun ɗauko duwatsun nan ɗaya-ɗaya don kada a manta da shi. Ga shi ko sunansa babu."

Sai aka rasa yadda za a yi da shi. Limamin ƙauyen da ke kusa ya ce ba zai iya sallatar wanda bai san addininsa ba, Malam Bitrus ma ya ce bai san addu'ar da ta dace ba. Baba Ɗanjuma ne ya raba gardama, ya ce mutum dai mutum ne, a kai shi gefen gonarsa. Muka kwantar da shi yadda muka same shi, da tukunyarsa. Na juya tifa na kwaso abin da ya rage na duwatsun ba da sanin maigidana ba, kowa ya aza nasa.

Bara na koma neman wurin. Gari ya cinye gonar, an yanka ta filaye, ga shagon cajin waya, ga wurin wankin mota. Na yi ta zagaye har yara suka fara kallona. Sau biyu ke nan mutumin yana ɓacewa, na farko kuwa da hannuna. Na kan tambayi kaina me Malam Bitrus zai ce da ya ga haka. Ina jin ba zai zagi kowa ba, fensir zai nema ya tambayi tsofaffin unguwar inda iyakar gonar take. Littafin zanen nasa yana wurina, gara ta ci gefensa.

Kyautar da ya bar mini ita ce ban ƙara ganin ƙasa a matsayin fili kawai ba. Iyalinsa sun koma gida tuntuni, a garin nan ban san wani da ke ziyartar kabarinsa ba sai ni, kuma tsoro nake ji kada ya zama kamar mai tukunyar nan. Don haka duk shekara na kan je maƙabartar Kiristoci in aza dutse guda a kan kabarinsa. Bana na aza na ashirin da takwas, da ƙyar na iya sunkuyawa. Na roƙi mai gadin wurin, duk ranar da ya ga shekara ta zagayo ban zo ba, ya taimaka ya aza mini.