Yaya Azumi da Ƙidayar 'Ya'yan da Suka Koma

Bana shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar yayata, Malama Azumi ta Mandawari. Duk shekara idan watan ya zagayo, nakan dafa abinci in yi sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa yin shirun. Na tsufa, waɗanda suka san abin da ta yi duk sun riga ni tafiya, kuma na lura shirun nan nawa bai amfani kowa ba sai waɗanda suka hau kan wahalarta suka ɗaukaka.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ta girme ni da shekara goma sha biyu. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, 'ya'ya ukun da ta haifa kuwa babu wanda ya kai shekara uku a duniya. Sai ta dawo gidanmu ta buɗe makarantar allo ta 'yan mata a tsakar gida. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, tana rubuta ajami mai kyau. Ni kuwa ina cikin 'yan matan da aka sa a makarantar boko, na iya karatu da rubutu da ɗan Turancin da bai taka kara ya karya ba.

Cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu, kafin a ba mu mulkin kai, wani likita Bature ya zo Kano daga wata jami'a ta ƙasarsu. Bincike ya kawo shi: yana son ya san yara nawa ke mutuwa a cikin birni, da shekara nawa, kuma me ke kashe su. Aka ba shi wani gida kusa da Ƙofar Mazugal ya mai da shi ofis. Mutane suka sa masa suna Mai Tabarau. Yana da ma'aikata maza, amma duk iliminsu a zaure yake tsayawa, domin ba namijin da zai shiga cikin gida ya tambayi matar wani. Mai unguwa ya ce a ɗauki Yaya saboda ba gidan da za a rufe mata ƙofa, a haɗa ta da ni in riƙa cika takarda. Aikin wucin gadi aka ce, sai yadda hali ya yi.

Takardar tana da tambayoyi kai tsaye. 'Ya'ya nawa kika haifa? Nawa ke raye? Nawa suka mutu? Wata biyu muna bin gidaje ina karantowa, mata suna sunkuyar da kai suna ba ni amsar da ta zo bakinsu. Mai Tabarau ya tara takardun ya duba, ya ce ashe mutuwar yara a Kano ba ta kai yadda ake faɗa ba. Har murna yake yi.

Ran nan muna ofis, Yaya ta ce in zaro mata takardar Tabawa, wata maƙwabciyarmu matar majemi. Na karanta mata: haihuwa huɗu, duka suna raye.

“Uwani, gaya masa wannan takardar ƙarya ce,” in ji ta. “Ni da hannuna na yi wa biyu daga cikin 'ya'yan Tabawa wankan gawa. Ɗan farinta ma yana nan da ransa, ba ta sa shi a lissafi ba.”

Na ce, “Yaya, korar mu zai yi.”

“To ya kora. Gaya masa yadda na faɗa, kada ki sa masa zuma.”

Na faɗa masa yadda ta ce. Ya cire tabaran ya dube ta, ya ce me zai sa mace ta yi masa ƙarya. Yaya ta ce Tabawa ba maƙaryaciya ba ce, tambayar ce ba ta da kunya. Mace ba ta ƙirga 'ya'yanta a bainar jama'a, tana tsoron baki. Ba ta ambaton ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Jaririn da ya koma kafin suna kuwa, wa zai sa ta tono shi don baƙo ya rubuta? Ta ce duk takardun da muka tara in ya ga dama ya hura wuta da su.

Zan yi masa adalci a nan: bai kore mu ba. Sai ya ce to ita yaya za ta yi.

Yadda ta yi shi ne wannan. Ta hana ni fito da takarda a gaban mace. Mukan shiga gida mu gaisa, ta karɓi rariya ta taya tankaɗe, ko ta ɗauki goyo ta yi masa wasa. Sai hira ta yi nisa take tambaya, kuma ba ta taɓa cewa 'ya'ya nawa. Wankan jego take tambaya. Sau nawa kika yi wanka? Na farko a gidan wa kika yi, wa ya dafa miki ruwa? Mace ba ta jin nauyin faɗin wannan, kuma kowane wanka haihuwa ce, ko ɗan ya zauna ko ya koma. Daga nan sai ta bi su ɗaya-ɗaya: wannan kin kai ga yaye shi? Ya fara tafiya? Da damina ne ko da rani? Takan ɗaura ƙulli a gefen mayafinta, na masu rai a dama, na waɗanda suka koma a hagu. Sai mun fito soro take kwance mini ƙullin in rubuta. In ta yi shakka, ta je wajen ungozomar gidan ta gwada maganar.

Aka sake aikin tun daga farko. Fiye da shekara muka yi muna yawo, daga Mandawari har wajen Ƙofar Ɗan Agundi, a ƙafa.

Masu karanta irin wannan bincike a littafi suna ganin lambobi jere da juna tsaf. Ba sa ganin abin da aka biya kafin a same su. Ranar da muka koma wajen Tabawa, ta ƙirga wankanta har takwas, da ta zo kan na shida ta fashe da kukan da aka ji a zaure. Mijinta ya fito ya ce kada ya sake ganin ƙafarmu a gidansa. Magana ta bazu cewa Azumi tana ƙirga 'ya'yan mutane tana kai wa Nasara, wasu suka ce don a sa wa yara haraji ne, wasu suka ce duk gidan da ta ƙirga sai an yi rashi. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga makarantarta. Tsakar gidan da ke cika da karatu ta koma yara biyar ko shida. Mai Tabarau yana gama aiki ya shiga motarsa ya fita bayan gari. Mu a unguwar muke kwana, a cikinta muke zuwa suna da ta'aziyya, ana kallon mu ana kau da kai.

Kuma Yaya ce ta fara ganin abin da binciken ya gano. Tun kafin a haɗa lissafi ta ce masa ya duba lokacin yaye. Ta lura ƙullin hagu ya fi taruwa a nan: a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, a bar shi da koko tsararo, sai zawo, sai kumburi, sai a ce ya koma. Ta san wannan tun kafin ta ƙirga na kowa, domin biyu daga cikin nata haka suka tafi. Da ya zauna ya lissafa, ya tarar haka ne. Ya tashi tsaye ya ce mata, ta bakina, ba zai manta da ita ba.

Da aikin ya zo ƙarshe aka ce akwai gurbi ɗaya. Za a tura mace guda kwas na shekara biyu, in ta dawo a ba ta aikin dindindin na ma'aikaciyar lafiya. Yaya ta sa rai. Wata shida tana zama da ni bayan la'asar ina koya mata boko, babbar mace da malanta, tana haɗa baƙi da wasali kamar 'yar aji ɗaya, har ta iya cika takardar da kanta. Amsar da ta fito daga ofishin hukumar lafiya ita ce ba ta da satifiket, kuma shekarunta sun wuce. Muka je wajen Mai Tabarau. Ya buɗe hannuwa ya ce dokar ba shi ya yi ta ba. Abin da ya iya yi mata shi ne takardar shaida mai layi uku. Ni na karanta mata: wai mace ce mai tsabta, mai biyayya, mai zuwa aiki a kan lokaci.

Ta ce, “Shi ke nan abin da ya rubuta?”

Na ce shi ke nan. Ta ninke takardar ta miƙo mini, ba ta sake tambayar ta ba.

Ni aka ba gurbin, saboda ni ke da satifiket. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo in rubuta. Na ce ba zan je ba, ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi mini ba, ta ce in na ƙi, wata za a ba wadda ba ta taɓa shiga gidan kowa ba. Na tafi. Ina can shekara ta biyu aka aiko cewa Yaya ta yi zazzaɓi na kwana huɗu ta cika. Aka ce har watan da ta kwanta tana bin gidajen da ake shirin yaye, ba wanda ya aike ta, tana roƙon iyaye su yi a hankali, su sa ƙuli-ƙuli ko madara a kokon yaro. Wasu sun saurara. Wasu sun bar ta a soro.

Na yi aiki a asibiti, daga baya da jami'o'i suka zo ƙasarmu na koma sashen lafiyar al'umma na ɗaya daga cikinsu, har na yi ritaya. A ɗakin karatun sashen na fara ganin littafin Mai Tabarau. Babi guda ne a kan dabarar tambayar mata ta hanyar wankan jego, ya ce shi ya ƙirƙiro ta bayan dogon nazari. A shafin godiya ya ambaci jami'arsa, da wanda ya buga masa tafireta, da matarsa. Can ƙasa ya gode wa mataimaka mata 'yan ƙasa. Ya zama farfesa da wannan aikin. Ya taɓa dawowa ziyara kansa fari fat, na ratsa taro na gaishe shi na ce ni ce ƙanwar Azumi. Ya yi murmushi ya ce wace ce Azumi. Da na bayyana masa, ya ce, “Af, doguwar nan da ba ta dariya.”

Da a ce abin ya tsaya kan Bature ɗaya da ya zo ya wuce, da na bar shi da Allah. Abin da ya hana ni shiru shi ne 'ya'yanmu sun gaji halin. Kwanan baya aka gayyace ni lacca a sashen. Wani malami matashi, ɗan cikin birnin nan, ya tsaya yana koya wa ɗalibai dabarar da sunan Mai Tabarau. Na ɗaga hannu na ce dabarar ta wata mace ce 'yar Mandawari, kuma ina wurin ranar da ta faɗe ta. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, “Hajiya, akwai inda aka rubuta hakan? In babu, ba zan iya koyar da shi ba.” Wa zai rubuta? Wanda alƙalamin ke hannunsa shi ne ya cire ta.

Ku je sashen nan yau ku gani. A sama akwai malamai, daga ƙaramin malami zuwa babba zuwa farfesa, kowace takarda da suka wallafa tana ƙara musu mataki. A ƙasa, kan benci, akwai matan da ke shiga gidaje. Na san wadda ta shekara tara ana sabunta mata aiki wata uku-uku. Ita ke shan rana, ita ake zagi, ita ke zama da uwar da ta rasa ɗa har ta gama kuka. Ba matakin da za ta taka, ba kwas, ba suna a rahoto. In bincike ya ƙare, ta koma gida ta jira wani.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan. Ina jin za ta yi murna ta ga 'yan mata Hausawa da farar riga suna karatun likita. Batun suna a littafi kuwa, na san ta, za ta ce ni ce abin ya dama. Abin da zai ɓata mata rai daban ne. Za ta tambaya ko bayan an gama ƙirge, akwai wanda yake komawa gidajen ya gaya wa iyaye mata abin da aka gano. Amsar za ta ba ni kunya. Ana karanta sakamakon a manyan otal da Turanci, matan da aka tono wa ciwo ba sa jin komai.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba, ko kabarinta ba zan iya nuna muku daidai ba yanzu. Abin da ya rage nata yana hannun matan da na horar a tsawon aikina, su ma suka horar da wasu: ki zauna tukuna, ki taya aiki, kada ki tambayi uwa abin da bakinta ba zai iya ɗauka ba. Dukansu na gaya musu daga wajen wa na koya. Akwai kuma dattawa a Mandawari, masu jikoki yanzu, da suka tsallake yaye saboda wata doguwar mace ta tsaya a soron gidansu ta ƙi tafiya. Ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Ku shugabannin sassan nan, ba na roƙon ku komai don Azumi, lokacin wannan ya wuce. Matan da ke kan benci suna da rai. Ku san sunayensu, ku buɗe musu hanyar karatu da ƙarin girma, tun ba ƙannensu sun tsufa suna rubuta irin wannan ba.

Allah ya yi miki rahama, Yaya, ya haɗa ki da ukun da suka riga ki. Malamin nan ya ce sai an rubuta. To ga shi na rubuta.