Tuwon da Na Ci a Ɗakin Surukata

Ban yi makaranta ba, amma Allah Ya ba ni ido. Tun ina yarinya a ƙauyenmu na wajen Ketare aka san ni da shi. In kaza ta sauya wurin ƙwai, ni ke fara sani. Da idon nan na riƙe gidan mijina har Allah Ya karɓi abinsa, da shi kuma na ci gaba da riƙon gidan ɗana na fari bayan mun taso mun dawo cikin Ƙanƙara saboda mutanen daji. Sai ga shi idon da nake taƙama da shi ya yi wata biyu cur yana gadin kwanon da ba shi ne abin gadi ba.

Gonarmu ba ta taso tare da mu ba, tana can ƙauye. Da kakar bara matar ɗana ta bi mata zuwa roron wake, da hantsi 'yan bindiga suka faɗa musu, suka kora su daji. Ta yi sama da kwana ashirin kafin Allah Ya fiddo ta. Da ta dawo muka yi abin da aka saba. Aka dafa mata ruwan wanka, aka yanka kaza, aka karɓo rubutu wajen malam. Mata suka yi ta shigowa barka da arziki. Ba wanda ya tambaye ta abin da aka yi mata a can. Mu ba ma irin wannan tambaya. Ni kuwa abin ya fi mini nauyi, don matar ɗan fari ce. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa kai loma baki a gabanta ba, ita ma haka. Ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina duban wani wuri, shi ke nan.

Mijinta ya saya mata waya irin mai shafawa, wai ta riƙa ɗebe kewa. Akwai mai shagon caji a bakin kasuwa da ke tura wa mutane fina-finai a waya, wata maƙwabciya ta kai masa ya cika mata. Da farko ban damu ba. Matan unguwa duka haka suke, hannu na tsintar shinkafa, ido na kan waya. Amma kunnena ya fara gane cewa abu ɗaya nake ji kullum ta bangon ɗakinta bayan azahar. Fim ɗin Indiya ne da wani mutum ya juya shi Hausa, shi kaɗai ke yin muryar kowa. In mace ce ke kuka sai ya matse murya ya yi kukan, ƙato da shi. Kukan nan na ji shi har na haddace inda yake tsayawa ya ja numfashi.

Na bi ta ƙofar ɗakinta da faifai a hannu sau da yawa, kamar mai neman wurin sheƙa, har na haɗa labarin. Wata yarinya ce maza huɗu suka tare a wani kango suka yi mata abin da baki ba ya faɗa. Ta je gun hukuma, aka yi mata dariya. Sai ta aske kanta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani ta sare shi da lauje a gonar rake, jini har kan gilashin wayar kake ganin kamar zai ɗiga. Wani ta rufe shi cikin mota ta cinna wuta. Babbansu kuwa ba ta taɓa shi da ƙarfe ba. Ta shiga gidansa a matsayin mai dafa abinci, ta girka masa, ta tsaya tana kallo yana ci. Wannan wurin na girki shi ne surukata ke maidowa da ɗan yatsa. Ya wuce, ta maido. Ya wuce, ta maido. Ba ta kuka, ba ta dariya.

Na kwashe wuƙaƙen gidan na zuba a ƙarƙashin gadona, na bar guda ɗaya dakusassa ta yankan kuɓewa. Lauje na ba maƙwabta aro da gangan. Sannan wata rana na ɗauko gwangwanin ƙwayar da muke jefa wa buhun wake don ƙwari, wadda ake ce wa bom, na ga murfin ba yadda na ɗaure shi da tsumma yake ba. Na zazzage a kan faifai. Guda ɗaya babu. Kowa a ƙasarmu ya san abin da ƙwayar nan ke yi wa ɗan Adam.

Zuciyata ta tafi kan ɗana. Tun da ta dawo ba ya daɗewa a ɗakinta, magana ba ta wuce ta cefane. Na ce a raina, yarinyar nan tana ganin ya ƙi ta. Daga ranar duk kwanon da za a kai masa sai ya biyo ta hannuna. In gutsiri tuwon in dangwali miya in jefa wa kaji, in tsaya har su cinye su ci gaba da tono, sannan in bari a kai. Kajina suka yi ƙiba. Ita kuwa tana tsaye bakin murhu tana ganina, ta sunkuyar da kai.

Akwai mutum guda da ke cin tuwon gidanmu duk ranar kasuwa, ɗan ƙanena. Ɗan acaɓa ne, yana jigilar kaya tsakanin Sheme da Faskari har Sabuwa, a lokacin da manyan direbobi ma ke tsoron hanyar. Mukan ce yaron nan da zuciya yake. Ya sauya sabon babur, muka sa masa albarka. Ba ya zuwa hannu sake, ko goro ko sukari sai ya riƙo mini. Da yake taubashin ɗana ne, abokin wasa, ba a tsayar da shi a zaure. Kai tsaye yake shigowa tsakar gida yana ɗaga murya.

“Ina matata? Fito ki tarbi mijinki na gaskiya, wancan tsohon ai riƙo na ba shi!”

Mu yi dariya. Haka ake yi, haka ya saba tun tana amarya, da can har ramawa take yi, ta ce masa ya fara sayen sabulu ya wanke rigarsa tukun. Bayan dawowarta ta daina ramawa. Na ɗauka duk cikin shirun da ya same ta ne.

Abin da ya fara juya mini tunani shi ne lokaci. Ranar kasuwa surukata ba ta jiran azahar. Tun da safe, kafin ta ɗora sanwa, sai in ji mutumin nan na fim ɗin ya fara kukansa ta bango. Na riƙe wannan a raina kasuwa biyu. A ta uku na bar kwanon ɗana, na sa ido a kan sauran.

Ɗan ƙanen nawa ya shigo wajen sha biyu, ya jingine babur a zaure, ya baje a inuwar rumfa yana fifita da hula.

“Gwaggo, barka da gida. Matata, yau in miyar nan ba ta yi daɗi ba sai ki tattara kayanki!”

Tuwon masara ne da miyar kuka. Ta kwashe, ta zuba na kowa. Ta ɗauki langar baƙi, mai murfi shuɗi, wadda shi muke zuba wa a ciki. Maimakon ta nufi rumfa sai ta shige ɗakinta da ita, ta saki labule. Ba ta jima ba ta fito, ta nufo shi.

Na miƙe. Gwiwata ba ta son miƙewar gaggawa, amma ranar ban ji ta ba.

“Kawo nan,” na ce. Na juya gare shi. “Kai, koma zaure, ɗan'uwanka na tafe, ku ci tare.”

“Gwaggo, yunwa fa nike ji.”

“Ba ta kashe ka kafin ya iso.”

Na karɓi langar, na shiga ɗakinta, na ce ta biyo ni. Na zauna a kan tabarmarta. Na ga idonta ya buɗe, don ba ta taɓa ganin haka ba. Na jawo buta na wanke hannu, na buɗe murfin. Lissafina ɗaya ne. In akwai abu a ciki, yarinyar da na sani ba za ta bari in kai baki ba. In kuma ta bari, to ban san wadda nake zaune da ita ba, gara ni da na gama cin zamanina da a ce ta ɗauki rai a gidan ɗana a zo a tafi da ita.

Na yi bisimilla, na gutsira, na kai baki. Tana tsaye. Na haɗiye. Na ƙara ta biyu, ta uku. Miyar ta ji daddawa, ba wani ɗaci, ba wani wari. Ban san lokacin da gumi ya jiƙa mini ɗankwali ba.

Sai ta durƙusa a gabana. Ta kama haɓar zanenta ta kunce wani ƙulli, ta ajiye kusa da langar. Ƙwayar ce, a naɗe cikin leda ninki uku.

“Ban zuba ba, Inna. Kowace kasuwa sai in shigo da langar nan, in kunce, in duba, in sake ɗaurewa. Yau kasuwa tara ke nan.”

“Don mi?” na ce. “Mi ya yi miki?”

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Yau kika tambaya. Kin ɓoye wuƙa, kin ba da lauje, kin ciyar da kaji tuwon ɗanki. Ba ki taɓa cewa, ke, mi aka yi miki ba. Ita wadda ke cikin wayar nan ko dariya aka yi mata, ai an bari ta faɗa.”

Na ture langar gefe. Na ce, “To faɗa mini.”

Ta faɗa. Ba zan maimaita duka ba. A kwana na uku a dajin wani mai babur ya kawo musu burodi da jarkokin fetur. Ta ɗaga kai ta ga ɗan ƙanena. Ta ce har ta ji sanyi a ranta, ta zaci an aiko shi neman su ne. Ya gan ta, ya gane ta. Ya zauna ya sha shayi da su. Daga baya ya shiga bukkar da take, kamar yadda sauran ke shiga. Ranar da za a sako su ya raɗa mata cewa ya san ƙofar gidanmu da ɗakin da kowa ke kwana.

Ni ce na sa wa babur ɗin nan albarka. Ni ce ke cewa a ƙara masa nama.

Duk da haka halina bai bar ni ba. Na ce a raina, magana ce ta mutum ɗaya, kuma mutumin da ya sha wuya yana iya ganin fuskar da ba ita ba. Na juye sauran tuwon a akushina, na wanke langar tas, na maida murfin. Na ɗauka da kaina na kai zaure. Da ya gan ni ɗauke da ita ya yi zumbur ya karɓa, don ba a taɓa ganin gwaggo ta kai wa ɗa abinci ba. Ya buɗe. Ya dubi cikin langar, ya dube ni, ya yi 'yar dariya.

“Gwaggo, yau ke ma wasan kike ji?”

“Ni ba abokiyar wasanka ba ce. Babu tuwonka a gidan nan daga yau.”

Dariyar ta ɗauke. Ya leƙa ta bayana wajen tsakar gida.

“Mi ta ce miki?”

“Wa? Na ambaci wani?”

Ya ajiye langar a ƙasa a hankali, ya tura babur ɗinsa waje, sai da ya kai bakin lungu ya tayar. Shakkar da ta rage mini ta bi shi.

Ƙwayar na jefa ta a masai da hannuna. Washegari da hantsi na kira ɗana ɗakina, na juya masa baya, na gaya masa komai ina duban bango. Na ji ya miƙe, na san adda zai nema. Na ce in ya fita da ƙarfe a hannu ban yafe nonona ba, ya tafi gun mai unguwa a bi ta hannun hukuma. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya fita hannu sake. Da ya dawo bai zo wurina ba, ɗakinta ya shiga, kuma ranar ya daɗe.

Ko da aka je neman yaron, ya bar gari. Wani ya ce an gan shi wajen Sabuwa, wani ya ce ya shige daji gaba ɗaya. Ƙanena ya daina gaishe ni, ya ce na ɗauki maganar bare na ɗora wa jinina. Na bar shi da bakinsa.

Fim ɗin yana nan a wayarta. Wata rana bayan la'asar na ce ta kawo in gani tun daga farko, tun da kunnena ya riga ya sha shi. Muka zauna tabarma ɗaya muna ɓarar gyaɗa. Da aka zo wurin girkin na saci kallon hannunta. Yatsan bai motsa ba, ta bari ya wuce. Na ce matar nan mai ya yi yawa a miyarta, ba a yi mata tarbiyyar girki ba. Ta yi dariya kaɗan, ta farko da na ji tun roron wake.

Na maida wuƙaƙen madafi. Gwangwanin bom kuwa har yau yana cikin akwatina, makullin a ƙuguna. Kuma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gidanmu, ko na waye, sai na leƙa ta kafar zaure na ga fuskar mai shi kafin in bari a amsa sallama.