Baƙon Damagaram a Mandawari

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, ni malamin firamare ne, amma hankalina ba ya cikin aji. Wani maƙwabcinmu da na yi wa yawon kamfe ya ci kujerar majalisar jiha, kuma ya faɗa a gaban jama'a cewa ni zai ɗauka sakatarensa. Tun daga ranar, da an tashi daga makaranta sai in zarce ƙofar gidansa, mu jeru a kan benci muna jiran fitowarsa.

Wata Talata da la'asar na biyo gidanmu na Mandawari don in canja riga, sai na tarar da wani dattijo a kan dakali, da farin rawani, da jakar fata a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, yana ƙanƙance ido, sannan ya ce, "Goshin ubanka ne wannan, ba sai an gaya mini ba."

Mahaifiyata ce ta yi mini bayani a tsakar gida. Kakana fatoma ne, wato mai saukar fatake a gidansa. Wannan dattijo kuwa tun yana saurayi yake kawo kanwa da fata daga Damagaram, yana sauka a soronmu na biyu, a nan suka shaƙu da mahaifina. Rabonsa da Kano tun ban yi wayo ba. Ko rasuwar mahaifina sai daga baya ya ji.

Da na fito, abin da ya fara tambayata shi ne, "Soron nan na biyu yana nan?"

Yana nan. Amma azararsa ta fara yoyo, ga damina ta kama, kuma na cika shi da ragowar fasta da kujerun roba na kamfe. Kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, ai ba a yi haka ba. Akwai masauki mai kyau, can zan kai ka."

"Ɗana, ni tabarma ta ishe ni."

Ban saurare shi ba. Na tare tasi na kai shi wani otal can bayan Ƙofar Kabuga, ɗaki mai fanka da talabijin da banɗaki a ciki. Na nuna masa yadda ake kunna komai, ina jin kaina na yi abin kirki. Shi kuwa ya zauna a bakin gado bai ko ajiye jakarsa ba. Ya ce ya zo ganin likita ne, an gama da shi tun safe, amma zai ƙara kwana huɗu saboda abu uku. Yana so ya hau Dala ya hango gari, kamar yadda suke yi da mahaifina bayan Juma'a. Yana so ya shiga Kurmi ya ga wa ya rage a layin 'yan kanwa. Sannan ya leƙa marinar Ƙofar Mata, inda yake kai wa matan gidansu rini. Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Baba. Gobe in sha Allahu."

Laraba aka ce ɗan majalisa zai fitar da sunayen waɗanda zai ɗauka, ban motsa daga benci ba har magariba. Alhamis ma haka. Na dai leƙa otal na kai masa tuwon da mahaifiyata ta bayar. Mai gadin wurin ya ce mini tsohon ya fita da hantsi shi kaɗai, ya kai bakin titi, ya ga 'yan acaɓa suna ta giftawa, ya kasa tsallakawa ya dawo. Na same shi ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa a baranda, yana jan carbi. Bai yi mini ƙorafi ba. Ya dai tambaye ni ko har yanzu ana sayar da fura a bakin masallacin unguwarmu.

Ranar Juma'a bayan an sauko na ari motar wani abokina, da sharaɗin zan mayar kafin la'asar, don a lokacin ne ɗan majalisa zai zauna da mu. Na ɗauki Baba muka bi gefen ganuwa. Ya manna fuska a gilashi yana tambaya, "Nan ba badala ba ce da? Ina ta tafi?" Na ce ruwa ya cinye wani wajen, wani wajen kuma mutane sun yi gini. Muka ratsa ta Gwammaja har gindin Dala. Ya kama marfin ƙofa zai buɗe.

Na ce, "Baba, rana ta yi zafi, matakalar nan kuma da yawa. Ga shi nan ai kana gani."

Ya saki marfin. Ya ce, "Haka ne. Ga shi nan."

A Kurmi mota ba ta shiga, dole muka sauka. Tun daga bakin kasuwa tafiyarsa ta canja, ya shige gabana yana kutsa lungu kamar jiya ya bar wurin. Ya tsaya wajen masu turare ya ja numfashi, ya shafa wani sirdi a rumfar dukawa. A layin 'yan kanwa ya yi sallama da wani tsoho, ya ambaci mutum uku, tsohon ya ce duk sun riga mu gidan gaskiya. Da ya faɗi na huɗu sai tsohon ya miƙe ya ce, "Wannan ai yayana ne, yana gida, ƙafa ce ta hana shi fitowa. Zauna in aika a gaya masa." Ya jawo masa kujera. Baba ya zauna, fuskarsa ta washe irin yadda ban gani ba tun zuwansa.

Ni kuwa agogo nake dubawa. Na sunkuya na ce masa a hankali, "Baba, motar ta aro ce. Mu dawo gobe da safe kafin ka tafi." Na san motar Damagaram da asuba take lodi. Shi ma ya sani. Ya tashi ya ba tsohon hannu, ya ce a gaishe masa da mara lafiya. Marina kuwa ko hanyarta ba mu bi ba. Da na isa ƙofar gidan ɗan majalisa, aka ce tun azahar ya yi tafiya.

Asabar na raka shi tasha. Ya riga ya zauna a mota, sai ya kira ni ta taga ya riƙe hannuna. Ya ce, "Likitan nan ya ce idon ba na aiki ba ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ma da wuya ya kai baɗi. Shi ya sa na matsa maka. Ka yafe mini, na ga kana da hidima." Na buɗe baki in ce ya sauko mu koma, direba ya tayar da mota. Na bi motar da kallo har ta fice daga tashar.

Muƙamin sakataren dai ƙanin matar ɗan majalisa aka ba. Na koma ajina, na yi ta cewa da an yi hutu zan je Damagaram. Hutu biyu suka wuce ban je ba. Bayan babbar Sallah wani mai fataucin dabino ya yi sallama a gidanmu, ya ce an aiko shi ya sanar da mu Baba ya rasu, kuma watanninsa na ƙarshe jan sa ake yi zuwa masallaci.

Na shiga na gaya wa mahaifiyata. Tana tsince shinkafa a faranti, ta ajiye, ta yi masa addu'a mai tsawo. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta taɓa yi mini a kan maganar ba. Can ta ce, "Ranar sunanka ubanka yana kwance da zazzaɓi, ko tashi ba ya iya yi. Tsohon nan shi ya je kasuwa ya jawo ragon, shi ya tsaya a ƙofar gida yana karɓar mutane har aka watse."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba tun yana nan?"

Ta ce, "Yaushe ka zauna da zan gaya maka?"