Curin Kakin Ngo Chundung

Duk wanda ya san layin bayan coci a Kabong, cikin Jos, ya san Da Mwadkon, wato Baba Mwadkon a yarensu, dogon tsohon nan mai jar hular sanyi, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya gyara maka gaisuwar. Shekara ashirin da shida ya yi a kamfanin narkar da kuza, a bakin wuta, har ranar da aka garƙame ƙofar kamfanin. Aikinsa guda ne: a zuga wuta, kuza ya narke, datti ya taso, shi kuma ya sa dogon ludayi ya kwashe, ya sake kwashewa, sai ƙarfen ya yi fes. Daga can ya taho da tabon ƙuna a hannun dama, da wani ra'ayi da ba mai raba shi da shi, wai duk abin da ba a tace ba, ba a gama shi ba. Ko shayi aka miƙa masa sai ya leƙa kofin.

Matarsa, Ngo Chundung, wato Mama Chundung, ba ta da wannan fitinar. Mai kiwon zuma ce. Amya goma sha ɗaya ta gada a gonar mahaifinta a bayan Naraguta, gab da wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa, inda itatuwan turare suka yi layi. Furen turaren nan ƙudanta ke sha, kuma ba ta taɓa yi musu hayaƙi da komai ba sai busasshen karan acca. Zumar ta sayar, saƙar kuwa ta narka ta a hankali cikin ruwan zafi, ta cure kakin, ta kai wa dukawan Naraguta su goge zaren ɗinki. Kakin nan ƙanshinsa daban ne, zuma-zuma, hayaƙi-hayaƙi, da ɗan sanyin turare daga ƙarshe. A gonar ma suka haɗu. Yana saurayi ya biyo hanya a keke, ya ga budurwa tana hayaƙi, ya tsaya yi mata bayanin yadda ake hura wuta. Ƙudan ne suka ba shi amsa. Kwana uku idonsa a kumbure, ita kuwa shekara arba'in da bakwai tana yi masa dariyar abin. Tun daga nan, duk ranar da take narkar kaki, in ya tashi aiki sai ya biya ya ɗauko ta a keke.

To, mantuwa ce ta shigo gidan, kuma ba ta yi sallama ba. Da farko makulli, sai hanyar coci, sai sunayen jikoki. 'Yarsu Hosana, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta zo ta yi bayanin ciwon da Turanci, ta yi da Hausa, ta koma bayan ɗaki ta yi kuka. Gonar ma 'ya'yan yayyen Chundung suka sayar, aka sare turaren, aka gina ɗakunan ɗalibai, ƙudan suka kama gabansu. Shekara biyu ke nan Chundung ba ta kira mijinta da sunansa ba. Oga take ce masa. Shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta kunun acca a baki, in ta ƙoshi sai ta dube shi da ladabi ta ce, "Oga, don Allah, mijina bai tashi aiki ba har yanzu?" Wallahi mutumin da ya tsaya gaban wutar kuza bai ƙifta ba, wannan tambayar kan zaunar da shi.

A tsakiyar damina rufin ɗaki ya fara yoyo, ya janyo wani tsohon akwati don kada ya jiƙe. A ƙasan akwatin ya tarar da gwangwanin madara, ciki da curin kaki guda, girman gwanda ƙarama. Yana buɗewa Chundung ta ɗago kai daga kujera.

"Mwadkon, rufe mini kaki mana, zai sha iska."

Ya daskare da murfin a hannu. Ta dube shi ido cikin ido, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Minti biyu, ko ma ba su cika ba, sai idon ya koma inda ya saba. Ya sake gwadawa washegari, ta shinshina, ta yi murmushi, amma suna bai fito ba. Sai tsoho ya zauna ya yi nasa tunanin. Ya tuna wani kyandir mai ƙanshi da Hosana ta taɓa kawowa, wanda in an kunna ɗaki duka ke ɗauka. In sandararren kaki ya ba shi minti biyu, ai in ya zama kyandir ya cika ɗakin da ƙanshi, yini guda zai samu da matarsa. Abin da yake nema ke nan, ba ƙari.

Aka kwatanta masa shagon Hajiya Rabi a Tudun Wada, mai sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa da na kyandir. Kakanta ma haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, don haka tana jin inda Da Mwadkon ya yi aiki ta ba shi kujera. Ta jera masa kaya a kan teburi.

"Baba, ga farin kaki na farafin, shi ne na koyo, ko ka ɓata ba asara. Ga na waken soya, laushi gare shi, sai a cikin kofi, in ka zuba shi a bututu ba zai tsaya ba. Ga kuma na zuma, shi ne babba, amma akwai taurin kai."

"Na zuma ina da nawa," in ji shi. Ya buɗe gwangwanin, ya ba ta labarin a gajarce, yana kallon bango.

Hajiya Rabi ta kai curin hanci, ta shinshina. "Allah sarki. Wannan ba irin nawa ba ne, nawa na kamfani ne, an wanke shi har ya manta gidansu. To ka ji, Baba. Kakin zuma lagwani mai kauri yake so, na auduga zalla, siriri nutsewa yake yi. Kuma kada ka ɗora shi a wuta kai tsaye. Tukunya a cikin tukunyar ruwa. Ya narke sau ɗaya, ka tace sau ɗaya, ka zuba. In ka ga ɗige-ɗige ka ƙyale su, ƙanshin a nan yake. Da zarar ya yi hayaƙi an gama."

"Hajiya, ni za ki koya wa wuta?"

"Wutar kuza daban, Baba."

Ya yi tsaki a ciki, amma ya sayi farafin, da lagwani kauri uku, da guntun bututun roba na zubi, da 'yar tukunyar silba.

Mako uku yana koyo a tsakar gida, Chundung na zaune a inuwa tana kallon Oga yana wahala. Na farko lagwanin ya karkace, kyandir ya ci gefe guda. Na biyu ya zuba a bututu mai sanyi, sanyin Jos ya tsattsaga shi. Na uku rami ya faɗa a tsakiya. Ya koyi ɗumama bututu kafin zubi, ya koyi ɗaure lagwani a jikin tsinken tsintsiya, ya koyi rage ɗan kaki na cike rami. Sai ga kyandirori suna fitowa santala-santala, har maƙwabta suka daina sayen na kanti, shi ke raba musu. Gaskiya tsohon yana da hannu, wannan ba mai musu.

Ya zaɓi wata Asabar da Hosana ta zo ta kai uwar asibiti ganin likita, don Chundung ta dawo ta tarar an gama. Ya fara daidai, a ba shi wannan. Tukunya cikin ruwa, wuta kaɗan. Kakin ya narke, ya tace shi da wani tsohon ɗankwalin Chundung. Sai ya leƙa tukunyar, ya ga ɗige-ɗige baƙaƙe suna yawo, da wata 'yar dauɗa-dauɗa a gefe. Kai! Abin ya tsaya masa a rai. Na maƙwabta ma bai bari ya fita da tabo ba, sai na matarsa? Ba raini ne ya ja shi ba, so ne, amma ɓarnar duk ɗaya ce. Hannun shekara ashirin da shida ya karɓe aikin. Ya cire tukunyar daga ruwa, ya ɗora a kan gawayi, ya sa mafici. Kumfa ta taso, ya kwashe ya watsar a kwata. Ya sake tacewa da sabon ƙyalle. Ya mayar wuta. Wani siririn hayaƙi ya fara tashi, shi kuwa gogan sai murna, wai datti ne ke fita.

Ranar layin duka ya ɗauki ƙanshin zuma da karan acca. Wata maƙwabciya har ta leƙo ta katanga tana cewa, "Da Mwadkon, yau kamar Ngo ta koma gona!" Ya yi dariya, bai san cewa abin da ya tara wa matarsa ne ke bin iska yana raba kansa ga mutanen layi ba, ita kuwa tana can kan bencin asibiti. Hancinsa ya cika da ƙanshin tun safe, bai gane ƙanshin ya ƙare a tukunyar ba.

Kyandir ya fito sumul, miƙaƙƙe, babu ɗigo ko ɗaya. Ran Lahadi da rana, bayan an taso coci Hosana ta kama hanyar Abuja, ya rufe taga, ya zaunar da Chundung, ya sa rigarsa mai kyau, ya ƙyasta ashana. Lagwani ya kama, harshen wuta ya tsaya cak, ko rawa ba ya yi. Ya jira. Chundung ta kalli wutar, ta kalle shi.

"Oga, kyandir ɗinka ya yi kyau. In mijina ya dawo zan ce ya saya mana irinsa."

Ya bar shi yana ci har kusan awa guda, ko Allah zai sa. Ina! Ɗakin ba ya ƙanshin komai sai ɗan ƙauri.

Litinin da sassafe ya bar ta wurin maƙwabciyar, ya hau keke mai ƙafa uku zuwa Tudun Wada. Ya ajiye kyandirin a teburin Hajiya Rabi. Ta shinshina, ta ajiye a hankali.

"Sau nawa ka ɗora shi a wuta, Baba?"

"Uku."

"A kan gawayi?"

Ya gyaɗa kai. Tana da bakin faɗa, kowa ya sani, amma ta ga idon tsohon ta haɗiye. Ya tambaye ta ko akwai wani turare na kwalba da za a ɗiga. Ta ce akwai na zuma, amma na yaudarar masu saye ne, ba zai yaudari Ngo ba. Sai can ta ce, "Tsumman da ka fara tacewa da shi fa, yana ina?"

Ya suri kyandirinsa, bai ko yi mata sallama ba. A bayan kicin ya same shi, inda ya jefar, ɗankwalin ya sandare da baƙin dattin nan, tururuwa sun yanyame shi. Ya kakkaɓe, ya ɗumama shi a tafin hannu, ya kai wa Chundung. Ta riƙe da hannu biyu, ta nutsa fuska ciki. Da ta ɗago, ba shi ta kalla ba, ƙofa ta kalla.

"Na gama kaki. Yanzu Mwadkon zai zo ɗaukata."

Tsohon ya miƙe a hankali, ya fita ta ƙofar baya, ya zagayo, ya gyara jar hularsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa kamar baƙo. Ya shigo. Ta dube shi tun daga ƙafa har kai.

"Ka daɗe," ta ce.

"Aiki ne ya riƙe ni."

"Kullum aiki. Zo ka zauna, ƙudan sun kwanta, ba mai harbinka."

Ya zauna, ta dafa tabon hannunsa, tana dariya ƙasa-ƙasa. Shi kuwa hawaye kawai, bai ko share ba.

Ya sa ɗankwalin a gwangwanin madarar, ya rufe gam, ba ya buɗewa sai Lahadi, don ya san kowace buɗewa rage shi take yi. Lahadi biyar ya samu. Ta shida ta shinshina, ta juya tsumman, ta miƙa masa wai ko na goge teburi ne. Duk da haka ya fita, ya zagayo, ya ƙwanƙwasa.

"Sannu da zuwa, Oga," ta ce. "Mai gidan ba ya nan."

Hajiya Rabi ta sa an nemo masa kaki daga ƙauyuka uku, ɗanye, wanda ba a wanke ba. Duka ya yi su yadda ta ce, tukunya cikin ruwa, tacewa ɗaya, da ɗige-ɗigensu. Suna ƙanshi, amma na wasu gonakin ne. Kyandirin nan na farko yana nan kan teburin falo, saura rabi, duk wanda ya shigo sai ya yaba kyansa, shi kuwa Da Mwadkon sai ya kau da kai. Har yau ran Lahadi da rana mutanen layi kan ga dogon tsoho da jar hula ya fito ta baya, ya zagayo, ya tsaya ƙofar gidansa yana ƙwanƙwasawa. Sun daina tambayarsa dalili.