Gashin Anti Kamala

Ranar Asabar ta farko a watan Maris, shekarar da na cika goma, ni da Mama muna durƙushe a gindin wata bishiya da ke bayan benen council ɗin da muke zaune, na gidajen hayar hukuma, kusa da Old Kent Road, muna tonon ƙasa. Yayyafi ake yi irin na London, wanda ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa. Mama na riƙe da tsohuwar wuƙar yanka albasa, ni kuma ludayin miya. Sanyi ya sa yatsuna sun ƙage, bakin zanen Mama ya yi caɓa-caɓa da laka, amma ko ɗago kai ba ta yi ba lokacin da wani Bature mai yawo da kare ya ja ya tsaya yana kallonmu. Gashi muke nema, gashin maƙwabciyarmu Anti Kamala, wanda mu da hannunmu muka yi ta binnewa a wurin tun shigowar sanyi.

Ƙofar flat ɗinta na kallon tamu a hawa na huɗu. Mutuniyar kudancin Indiya ce, mai bin addinin Hindu, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Kumar, wanda a lokacin yake karatu a jami'a wajen Bloomsbury. Mu kuma daga Katsina muka zo ina 'yar shekara huɗu, Baba yana tuƙin tasi, Mama tana gida tana yi wa matan unguwa kitso a falo. Turancin Mama bai wuce na gaisuwa da sayen tumatir ba, na Anti Kamala ma da kaɗan ya ɗara nata, amma sai su wuni tare suna fira da hannu da ido da dariya. In magana ta cije sai a ƙwala mini kira in zo in fassara, ko da ina tsakiyar 'yar gala-gala da muke zanawa da alli a barandar benen. Baba kan tsokane su ya ce, "Ke da ƙawar nan taki, rabin abin da kuke cewa ba wanda ya ji, shi ya sa ba ku taɓa yin faɗa ba."

Abinci ba ya yankewa tsakanin ƙofofin nan biyu, kuma ni ce 'yar aike. Anti Kamala ba ta cin nama, don haka duk ranar miyar kuka sai Mama ta ɗebi rabonta a ƙaramar tukunya kafin ta zuba romo. Ita kuma takan aiko da wani farin abu mai tsami-tsami kamar sinasir, da miyar wake mai yaji. A baranda suna da tukwanen shuka jere da juna: yakuwar Mama da ta ƙi girma shekara da shekaru, da wani ganye na Anti Kamala mai ƙamshin ɗoɗɗoya wanda take zuba wa ruwa kowace safiya tana motsa baki. Abu ɗaya ne ba su taɓa buɗe baki a kansa ba, wato addini. A kusurwar falonta akwai wata 'yar kanta mai fitila da furanni da hoton abin bautarta. In ta ji sallamar Mama sai ta yi sauri ta ja ɗan labule ta rufe ta, Mama kuma ta shiga kanta a sunkuye kamar ba ta ga komai ba. In lokacin salla ya yi muna gidanta, ita ce ke fara nuna agogo ta ce, "Mama, salla." Kara suke yi wa juna, kuma a lokacin kowa na ganin hakan shi ne daidai.

Ni dai yarinya ce, ban san kara ba. Wata rana na tambaye ta wani hoto da ke jikin bangon kicin, hoton gari a gindin tsaunuka kore shar, da wani gini mai hasumiya a can sama. Ta ce sunan garin Tirupati, ɗakin ibadarsu yana bisa tsaunin, mutane na zuwa daga ko'ina, wasu su hau matakala ba takalmi tun asuba har rana ta take, sa'annan su tsaya a layi na tsawon wuni don su ga abin da suka zo gani na ɗan ƙiftawar ido. Na ce mata ai kamar Makka ke nan. Ta yi murmushi ta shafa kaina. Ta ce za ta je, takardun zamanta kawai take jira su fito, don in ta fita ba su a hannu ba za ta iya dawowa wurin ɗanta ba. Haka kawai ta faɗa mini, sauran ta bar shi a cikinta.

Ban taɓa ganin gashi irin nata ba. In ta kwance shi yakan wuce gadon bayanta ya kai ga cinya, baƙi wuluk da jirwayen furfura, yana ƙamshin man kwakwa. Almakashi bai taɓa shi ba. Mama ta sha roƙonta ta bari ta datse bakin da ya tsattsage, sai ta kama gashin da hannu biyu ta girgiza kai. Mama ta ce, "To ke kika sani, rowar gashi dai ban taɓa ganinta ba sai a wurinki."

A damina ta shekarar da ta gabata ne, in har ruwan London yana da damina, Anti Kamala ta fara rama. Asibiti suka ce ciwon daji ne a mama, suka sa ta a kan maganin nan mai ƙarfi da ake ƙarawa ta jijiya. Hannunta ya daina ɗaguwa sama, sai Mama ta karɓi aikin gyara mata kai. Na tuna ranar da abin ya fara. Tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafun Mama kamar yadda nake zama in za a yi mini kitso, Mama ta sa mataji ta ja a hankali, sai ga gashi ya biyo shi damƙi guda. Na buɗe baki zan yi magana, Mama ta harare ni na haɗiye. Ta naɗe gashin a yatsa, ta yi bisimilla, ta ƙunshe shi a takarda ta soke a ƙugu.

A gidanmu ba a yar da gashi. Tun ina ƙarama na san wannan, kamar yadda na san ba a tsallake wanda ke kwance. Mama kan ce, "Abin da ya fito daga jikin ɗan Adam ba shara ba ne." Wani lokaci ta ƙara da cewa in tsuntsu ya yi sheƙa da shi mutum ba zai rabu da ciwon kai ba. Duk ranar tsifa, aikina ne in sauka da ƙunshin gashina da nata in tona rami a gindin bishiyar nan in binne, sa'annan in wuce tsallen igiya. Da na Anti Kamala ya fara zuba, sai Mama ta yi masa abin da take yi wa nata da na 'yarta. A wajenta babu girmamawar da ta wuce wannan. Mako-mako nake sauka da ƙunshi, kowane ya fi na baya nauyi, har ranar da babu sauran abin tajewa, Mama ta kawo sabon kallabinta na atamfa ta ɗaura mata. Ita kuwa Anti Kamala tana ganin yadda Mama ke ƙunshe gashin a tsanake tana ɓoyewa, sai ta sakankance adana mata ake yi. Ba ta tambaya ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Takardun suka fito a ƙarshen sanyi. Ranar Juma'a da la'asar ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, tana dafe da bango, fuskarta na haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Ta ce in gaya wa Mama ta kawo mata ajiyarta. Mama ta ce wace ajiya? Ta nuna kanta. Nan ne ta yi bayanin da ta ɓoye shekara da shekaru, ina tsaye a tsakaninsu ina juya shi zuwa Hausa. Lokacin da Kumar yana jariri sanƙarau ya kama shi har likitoci suka fid da rai, sai ta yi alkawari cewa in ya tashi za ta je Tirupati a aske mata kai tas, ta bar gashin a can. Haka mahajjatansu suke yi, maza da mata. Tun daga ranar take renon gashin nan don ta kai shi. Da ya zube sai ta ce wa ranta ba komai, za ta kai shi a hannu.

Ban san yadda zan fassara amsar Mama ba. Zama ta yi a hannun kujera ta ce, "Bakance ta yi. Innalillahi, bakance ne muka binne mata." Ni ce na gaya wa Anti Kamala da bakina, da Turancin makarantar firamare, cewa gashinta yana cikin ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dubi Mama ta gyaɗa kai a hankali, ta ce ta gane, ta juya tana bin bango ta koma gidanta. Da ma ta zage mu, da ya fi mini sauƙi.

Da Baba ya dawo cin abinci, Mama ta tare shi da abin da ke damunta. Ta ce, "Malam, in na tono mata, na taya ta kai wa gunki ke nan?" Baba ya daɗe yana juya cokali a kofin shayi, sa'annan ya ce, "Ni ba malami ba ne sai a bakinki. Amma kayan mutane ne a hannunki, ki mayar mata da abinta. Inda za ta kai shi kuma, wannan tsakaninta da Wanda ya halicce ta."

Shi ne muka wayi gari a gindin bishiya. Ashe masu kula da lambun benen sun riga sun juye ƙasar wurin sun shuka furanni, takardun da muka ƙunshe gashin duk sun narke, ni kuma na kasa tuna inda na tona kowane rami. Mama ba ta yi mini faɗa ba, sai dai ta ce, "Gwada can." In gwada, babu. Har azahar muna tono, abin da muka samu bai cika tafin hannu biyu ba, shi ma ya cuɗe da saiwoyi da laka da namu gashin na shekaru. Muka hau da shi, Mama ta wanke shi a roba har ruwa uku, ta shanya a kan hitar ɗumama ɗaki. Da ya bushe ta sa tabarau ta zauna bakin taga tana tsince namu ɗaya bayan ɗaya, don ba ta son ko sili guda nata ko nawa ya je inda za a kai wannan. Miƙaƙƙen gefe guda, murɗaɗɗen gefe guda. Amma akwai wanda ya riga ya ƙulle da juna, in za a raba sai dai a tsinke. Ta daɗe tana kallonsa, can ta ce, "Allah ya san niyya," ta haɗa duka ta shafa man kwakwa ta kitsa shi kalaba guda, ta ɗaure bakin da baƙin zare. Tsawonsa bai fi hannuna ba, kaurinsa kamar ɗan yatsa.

Anti Kamala ta karɓa da hannu biyu ta ɗora a goshinta. Ta ja labulen kantar nan ta buɗe, a gaban Mama, karo na farko, ta ajiye shi kusa da fitilar. Mama ta kau da ido amma ba ta fita ba.

Ba ta je ba. Likitoci suka ce jikinta ba zai ɗauki jirgi ba, a jira ta ƙara ƙarfi, ƙarfin kuwa bai dawo ba. Na riƙa ganinta tana gwada hawa matakalar benenmu ba takalmi, wai tana shirin tsauni, ta yi hawa ɗaya ta zauna tana haki, in tsaya a bayanta ban san abin da zan yi ba sai riƙe mata silifas. Ta rasu a asibiti kafin a ba mu dogon hutu. Mama ta yi kwana da kwanaki tana ɗibar miya a ƙaramar tukunya kafin ta tuna.

Kumar ne ya tafi da kalabar. Ya dawo bayan wata guda kansa a aske tal, har ban gane shi ba. Ya ce ya hau matakalar da ƙafa, ya ba da nasa ya ba da nata. Ya miƙa wa Mama wata dunƙulalliyar alawa mai ruwan ɗorawa da ake raba wa mahajjatan wurin, ya ce uwarsa ce ta bar wasiyya a kawo mata. Mama ta san an gabatar da ita ga abin bautarsu, ba za ta iya ci ba, ba kuma za ta iya zubarwa ba. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta naɗe ta a tsumma mai tsabta ta ɗora a saman kabad. Tana nan har muka tashi daga gidan, ta bushe kamar dutse.

Yau ina da nawa gidan da nawa 'ya'yan. An rushe benen nan an gina wasu masu gilashi, bishiyar ma babu ita, sauran gashin Anti Kamala yana ƙarƙashin wurin ajiye motoci. Maƙwabtana na yanzu ban san sunan ko ɗaya ba, balle abin da suka ɗaukar wa ransu. In na taje wa 'yata kai, takan zare gashin daga mataji ta nufi kwandon shara, in ce ta kawo, ta amsa mini da Turanci cewa gashi ne kawai, Mummy. Nakan karɓa in naɗe a yatsa in ƙunshe a takarda. Wani lokaci nakan daɗe riƙe da ƙunshin, ina tuna cewa silin gashina ya hau wani tsauni da ban taɓa gani ba, a ƙulle da na matar da ta yi ta jiran ranar hawansa. Mun so ta iyakar so, tambayarta ce kawai ba mu yi ba.